Allurar wata uku ko ashanar hannu: amsa ga mai tsoron ƙunci da ɗaukewar sha'awa

'Yar uwa, kin tambayi wadda ta fi miki wajen tazarar haihuwa, allura ko ashana, kina tsoron ƙunci da ɗaukewar sha'awa. Ki sa ashana.

Ba wai ba ta da illa ba ne. Ita ma akwai matan da take sa wa saurin fushi da ƙuraje da ciwon kai. Abin da ya fifita ta shi ne ana iya cire ta. A cikin nau'o'inta, Implanon tsinke ɗaya ne, shekara 3 yake yi. Jadelle biyu ne, shekara 5. Ran da kika ga ba ta karɓe ki ba, ma'aikaciya ta ɗan tsaga fatar damtse ta zare, cikin mako ɗaya ko biyu sinadarin hana ɗaukar cikin ya bar jininki, ciki ma na iya shiga a watan. Kuma ba ta danne sinadarin estrogen ƙasa sosai, shi ne kuwa mai riƙe ni'imar mace, don haka bushewar gaba da zafin saduwa ba su cika yawa ba. Babban ƙorafinta ɗige-ɗigen jini ne mara ƙa'ida, mai rikita lissafin salla da hana kusantar miji. Akwai maganin tsayar da shi a asibiti, kada ki zauna da shi.

Allurar Depo kuwa, wato ta wata uku, in ta shiga ta shiga. Ko ba ta yi miki ba sai kin haƙura wata 3 ko fiye. Tana rage estrogen, tana sa wasu ƙiba, ɗaukar ciki kan jinkirta kusan wata 10 bayan allurar ƙarshe. Inda ta fi ashana shi ne rifampicin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya ba sa rage mata ƙarfi.

Ki ba jikinki wata 3, kina rubuta ranakun jini da yadda ranki yake. Amma kuka ba dalili, ko rashin barci, ko tunanin cutar da kanki, wannan ba a jira. In kuma kin taɓa yin ciwon damuwa, musamman bayan haihuwa, ki faɗa tun farko, ki tambayi robar mahaifa ta jan ƙarfe: ba irin sinadarin allura da ashana a cikinta, sai dai tana ƙara yawan jinin al'ada.

Kada ki bari ɗan kemis ya saka miki ashana. In ta nutse cikin tsoka, cirewa aiki ne. Ki duba ranar lalacewa a jikin kwali da idonki. Masu tallar matsi da sunan dawo da ni'ima su ma ki guje su, ƙaiƙayi da rauni suke jawowa. Man santsi mai ruwa irin K-Y Jelly ya wadatar.