Taimar fitilar kejin kanari: mai haƙora ko mai batir?

Taima na'ura ce mai kunna fitila ta kashe ta a lokacin da aka saita mata. Iri biyu ake samu a shagunan kayan wuta a Kaduna. Akwai taima mai faifai mai juyawa, da ƙananan haƙora 96 a gefensa, kowanne na minti 15. Akwai kuma mai allon lambobi da ƙaramin batir a ciki. Ga mai kiwon kanarin Turai, ta biyun ce kaɗai ta cancanci kuɗinta.

Dalilin yana cikin kan tsuntsun. A 1981 Fernando Nottebohm na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa kukan namijin kanari, wanda ake kira HVC, yakan kusa ninka girmansa lokacin hayayyafa, sannan ya motse bayansa. A 1983 shi da Steven Goldman suka gano cewa ana haifar sababbin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar kanarin da ya riga ya girma. Suna tsirowa a bangon kogon ruwan ƙwaƙwalwa, su bi wasu dogayen zaruruwa har su isa HVC cikin 'yan makonni. Da yawansu kan mutu. Abin da ke raya saura shi ne sinadarin namiji da ake kira testostiron da kuma yawan kukan kansa, wato tsuntsun da ke rerawa ya fi riƙe sababbin ƙwayoyinsa. Shi kuwa testostiron, tsawon yini ne ke tayar da shi.

To, yinin Kaduna bai wuce awa 11 da rabi zuwa kusan 13 ba duk shekara, alhali kanarin Turai awa 14 yake so kafin ya buɗe murya sosai. Aikin fitila ke nan. A riƙa ƙara minti 30 kowane mako, kuma da asuba ya fi, don idan fitila ta mutu farat ɗaya da dare, tsuntsun kan rasa sandarsa ya yi ta bugun keji.

A nan mai haƙora take kasawa. Da wutar soket faifanta ke juyawa. An ɗauke wuta awa 5, agogonta ya koma baya da awa 5, sai ka ga fitila na ci ba a lokacin da aka saita ba. Hasken da ke hawa da sauka haka yakan jefa kanari cikin zubar gashi ba lokacinsa ba, kuka ya tsaya na makonni.

Mai batir tana riƙe lokaci ko babu wuta, amma fa fitilar ba za ta kama ba sai an jona ta da inbata ko sola. Saita ta ma akwai ɗan wuya, maɓallan ƙanana ne, kuma sauƙi ne a rikita ƙarfe 5 na asuba da na yamma. A zaɓi tsarin awa 24.

Bayan lokacin hayayyafa a rage hasken a hankali kamar yadda aka ƙara shi. Mace kuwa, ko an ba ta awa 14, ba za ta rera kamar namiji ba.