Tsohuwar Squier ta Japan da aka kawo daga Kaltungo: ta kai miliyan biyu?

Jitar da zan yi magana a kanta Squier Stratocaster ce ƙirar Japan, ta shekarar 1983, mai launin nan da ke farawa da baƙi a gefe, ya biyo da ja, ya ƙare da ruwan ɗorawa a tsakiya. Wani saurayi ne daga Kaltungo ya kawo mini ita shagona da ke Sabon Layi a cikin garin Gombe. Ta mahaifinsa ce, wanda ya daɗe yana kaɗa ta a coci da wuraren biki kafin yatsu su gaza. Sana'ata gyaran amfilifaya da sifika, amma tun ƙuruciya nake taɓa jita, shi ya sa in irin wannan kaya ya shigo gari akan neme ni. Yaron ya ce, "Baba, an ce mini wannan a Turai kuɗi ce sosai. Miliyan biyu muke nema." Na ce masa zan duba, amma abin da na gani shi zan faɗa a fili, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Ya amince.

Abu na farko, ta gaskiya ce. A bayan jitar, kan farantin ƙarfen da ya haɗa wuya da gangar jiki, an buga lamba mai farawa da JV. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin farantin kusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, kowa na iya cire shi ya ɗaura wa wata. Sai da na kwance wuyan na ga kwanan wata da aka rubuta da fensir a gindinsa, na kuma ga yadda wuyan ya zauna daram a gurbinsa, ko takardar kati ba ta shiga tsakani. Wanda ya saba kwance jitocin da ake kawo mana daga kasuwar Alaba ta Legas ya san wannan ba aikin gaggawa ba ne.

Ga wanda bai san dalilin da ake zumuɗin waɗannan haruffa biyu ba, ga yadda abin yake. Leo Fender ya fito da Stratocaster a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. A 1965 ya sayar da kamfaninsa na Fender ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13, kuma daga nan masu kiɗa suka fara ƙorafin cewa aiki ya ja baya, musamman a shekarun 1970. Su kuwa Japanawa, irin su Tokai da Greco, suka duƙufa suna kwaikwayon tsofaffin Fender na shekarun 1950 da 1960, suna sayarwa da araha, har suka fara cinye wa mai abu kasuwarsa. Da Fender ta ga ba sarki sai Allah, sai ta haɗa kai da su. A 1982 aka kafa Fender Japan, aka ba masana'antar FujiGen da ke Matsumoto aikin ƙira, ita ce dai wadda take yi wa Greco. Waɗanda aka fitar zuwa Turai aka sa musu suna Squier, sunan wani tsohon kamfanin tsirkiya na Michigan da Fender ta saya tun 1965. Lambar JV kuwa daga 1982 zuwa 1984 kawai aka yi amfani da ita. Ƙarancinta ke nan. Ba ita ce Squier ɗin da ake yi yanzu a Sin da Indonesiya don masu koyo ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Wuyan shi ne abin da ya fi burge ni, kuma a ganina rabin darajar jitar a nan take. An kwaikwayi samfurin 1962 ne: allon yatsu na katakon rozwud mai duhu, ƙarafunan matsa sauti 21, fuskar allon kuma a lanƙwashe sosai irin ta da. In kana kama tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, kamar yadda ake rakiyar waƙar mawaƙan coci, hannu ba ya gajiya ko kaɗan. Fentin bayan wuyan ya suɗe saboda shekaru arba'in na gumin hannu, ya yi santsi ba ya kama tafi ko da zafin watan Afrilu. Sabuwar jita ba ta da wannan, ko nawa ka saye ta. Amma lanƙwasar nan tana da nata sharaɗi. In kai mai son tura tsirkiya sama ne don sauti ya yi kuka, dole ka ɗaga tsirkiyoyin kaɗan daga allon, in ba haka ba sautin zai shaƙe a tsakiyar hanya. Ƙarafunan kuma sirara ne, biyar na farko sun ci har sun yi rami a ƙarƙashin tsirkiya ta biyu da ta uku. Daga ganin inda suka ci ka san mahaifin yaron ba mai yawo a wuyan jita ba ne, a gindin waƙa yake zama.

Nauyinta kilo uku da rabi a sikelin maƙwabcina mai sayar da ƙusa. Ana iya tsayawa da ita tun daga farkon biki har a tashi.

Sai sauti. Fikof uku gare ta, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya su mayar da shi lantarki. Na kusa da wuya da na tsakiya na asali ne, kuma su ne muryar jitar. Na wuyan yana da zurfi ba tare da ya dushe ba, kowace tsirkiya ana jinta daban. Na tsakiyar na gwada shi da salon nan na Buzayen Agadas, inda babban yatsa ke riƙe da tsirkiyar sama sauran yatsu na zagayawa a ƙasa, ya fito tas, ƙarar ba ta soke kunne. Na uku, na kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyi a gangar jiki, ba nata ba ne. Da na ɗaga murfin sai na ga sandar maganaɗisu manne a ƙarƙashinsa da gam, irin na jitocin araha. Na asali ba haka yake ba, ƙusoshin nan shida da ake gani a sama su kansu ne maganaɗisun. Yaron ya tuna cewa na asalin ya mutu tun yana firamare, wani mai gyaran rediyo ya musanya shi. Sautinsa kaifi ne kawai babu jiki, in ka juya makunni daga na tsakiya zuwa gare shi sai ka ɗauka jita aka canza maka.

Tana gurnani, wannan kuma ba laifinta ba ne. Duk fikof mai naɗi ɗaya yana jawo ƙugin wutar lantarki, a nan kuwa da yawancin gine-ginenmu ba a ja musu wayar ƙasa ba, abin ya fi muni. In aka tayar da janareta kusa da dandali sai ka riƙa juya jikinka kana neman inda ƙugin zai lafa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hunturu ma ya yi nasa aikin. Katakon allon ya tsuke saboda bushewar iska, bakin ƙarafunan ya leƙo ta gefe yana kartar hannu. Gyaran ba wuya, a goge da zarto mai laushi a shafa wa allon mai. Abin haushin shi ne sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake miƙar da shi da ita. A wannan samfurin bakinta yana gindin wuya, sai ka sassauta kusoshi ka ɗaga wuyan kafin sukudireba ya kai gare ta. A garin da wuyan jita ke motsi duk shigowar damina da fitarta, wannan aiki ne. Akwai kuma ramuka biyu a kan jitar inda aka taɓa ɗaura wasu makunnan ɗaure tsirkiya, da sandar girgiza sauti da ta ɓata, jakarta ta asali kuwa babu labarinta.

To, batun kuɗi. Yaron ya faɗa mini cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na ce masa haka ne, amma a kasuwar jita tsufa kaɗai ba ya sayar da kaya. Akwai tsofaffin jitocin Teisco na Japan na shekarun 1960 jibge a ɗakunan ajiyar coci-coci daga Billiri har Yelwan Bauchi, sun girmi wannan da shekara ashirin, amma ba wanda zai ba ka kuɗin kirki a kansu, don tun asali kayan araha ne. Waɗanda ake jin labarin miliyoyinsu iri biyu ne. Ko dai ƙalilan aka ƙera, kamar Gibson Les Paul Standard na 1958 zuwa 1960 da ba su wuce kimanin 1,700 ba, ko kuma wani shahararre ne ya riƙe su, kamar baƙar Stratocaster ɗin David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd, da aka yi gwanjonta a 2019 a kan dala miliyan 3.9 da ɗoriya. JV ba ta cikin wannan sahu. Ana nemanta a Turai da Japan, gaskiya ne, amma masu tara irinta kowane ƙusa suke dubawa. Fikof ɗaya da aka canza da ramuka biyu a ka sun isa su sa irin waɗannan mutane su juya baya, ko su zaftare farashi. Ga kuɗin aikawa, ga haɗarin wuya ya karye a hanya, ga dillalin da zai ci nasa.

Saboda haka miliyan biyu ta yi yawa. Na faɗa wa yaron in ya samu wanda zai ba da rabin haka a nan gida, ya karɓa da hannu biyu. Wanda kuma zai saya ya ware wani abu a gefe don sabon fikof mai kyau da sauya ƙarafunan da suka ci, aikin da ni dai Jos zan tura shi, don ba ni da kayan yinsa yadda ya kamata. Mai neman abin da zai ajiye a ƙarƙashin gado yana jiran farashi ya tashi, wannan ba tasa ba ce. Mai koyo ma ya nemi sabuwar Yamaha Pacifica, za ta fi yi masa sauƙin sha'ani. Amma makaɗin da ya riga ya san hannunsa, wanda ke aiki kowane Asabar da Lahadi, ya zo ya riƙe wuyan nan na minti biyar kafin mu yi maganar ciniki. Tana shago har ƙarshen wata, bayan nan yaron ya ce zai kai ta Abuja ya gwada sa'arsa.