Sharhi kan ma'aunin gas na AC mai agogo biyu

Na yi amfani da ma'aunin gas na AC irin na Chana, mai agogo shuɗi da ja da tiyo uku, a kan tsohuwar Corolla samfurin 2005 da sanyinta ya ragu. Hukuncina shi ne ya ci kuɗinsa, domin yana raba mai mota da maganar nan ta "a ƙara gas" da ake yi ba tare da an auna komai ba.

Shuɗin tiyo na bututu mai kauri ne, jan kuma na siririn bututu, rawaya na gwangwanin gas ko injin zuƙe iska. Bakunan na R134a, wato irin gas ɗin da wannan mota ke amfani da shi, girmansu ya bambanta, don haka ba a iya haɗa su a juye. Kafin a tada mota, agogon biyu za su nuna lamba ɗaya, wajen psi 114 (psi shi ne awon matsin gas) idan zafin gari ya kai digiri 35. Wannan lambar ba ta nuna yawan gas, tana dai nuna cewa akwai shi, kuma nan ne masu yawa ke ruɗuwa.

Aikin gaske sai an tada inji, an riƙe shi a juyi 1,500 a minti, an kunna AC, an ƙure fanka. A Toyota mai lafiya shuɗi kan zauna tsakanin 22 da 36, ja kuma wajen 200 zuwa 230, ko da yake a zafin Afrilu yakan haura haka. Idan duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu, kuma gas ba ya ƙarewa haka kawai, akwai inda yake yoyo. Idan shuɗi ya hau, ja ya sauko, har suna neman haɗuwa, kwamfireso, wato injin da ke matse gas yana tura shi, ya gaji, ko gwangwani goma aka zuba ba zai yi sanyi ba. Idan shuɗi ya faɗi har ƙasa da sifiri, bawul ɗin da ke fesa gas ya toshe, ko danshi ya daskare a bakinsa. Alamar danshi ita ce sanyi ya zo, ya ɗauke, ya sake dawowa.

A wannan Corolla duka biyun sama suka yi, ja ya wuce 300 a tsaye. Da aka watsa ruwa a kwandensa, wato ragar da ke gaban lagireto mai huce zafin gas, sai allurar ta sauko nan take. Ƙura da ƙwari sun cushe ta, fankar gaba kuma tana juyi a kasale. Irin wannan motar ce ke sanyi a kan babbar hanya, ta koma hura zafi a cunkoso. Da an ƙara mata gas, da an ƙara wa kwamfireso wahala ne kawai.

Akwai abin da ma'aunin ba ya gani. Matatar iska da ke bayan akwatin gaban fasinja, idan ƙurar hunturu ta toshe ta, iska za ta riƙa fitowa kaɗan alhali agogo na nuna komai daidai. Haka kulocin kwamfireso: tazararsa wajen rabin milimita ce, idan ta buɗe saboda tsufa sai ya riƙa saki da zarar inji ya yi zafi.

Aibinsa kuwa, robobin bakin tiyo ba su da ƙwari, a sayi na canji tun farko. A kuma duba ko allura na kan sifiri kafin a haɗa. Akwai ɗan sukuru na gyara ta. Wurin yoyo sai an bi mahaɗai da kumfar sabulu, ko a nemi inda mai ya jiƙa ya kama ƙura.

Cika gas kuma da sikeli ake yi, ba da kallon allura ba. Nauyin yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, yawanci giram 450 zuwa 600 a ƙananan motoci, gwangwani ɗaya kuwa giram 340 ne. In an buɗe bututu, a canza diraya, wato matatar da ke tsotse danshi daga gas, a zuƙe iska na minti 30, a rufe a jira minti 15 a ga ko allura za ta motsa. Kada a taɓa buɗe jan famfon da ke jikin ma'aunin inji na aiki da gwangwani a haɗe, yana iya fashewa a hannu.