Sandar Awo ko Na'ura a Kogin Red

Kogin Red da ke arewacin ƙasar Amurka arewa yake kwarara, saboda haka ƙanƙarar kudu takan narke alhali ta gaba tana daskare, ruwa ya rasa hanya. A Maris 2009 tsayin ruwan ya haura ƙafa 40 a birnin Fargo na jihar North Dakota. Akwai hanyoyi biyu na auna tsayin ruwan. Sandar awo da ake kafawa a gaɓa tana da araha, sai dai dole mutum ya je ya karanta. Na'urar USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, kuwa tana ɗaukar awo duk minti 15, dare da rana, ta aika ta tauraron ɗan'adam. Rauninta shi ne, idan ƙanƙara ta toshe kogi, tsayin ruwa yakan tashi ba tare da yawan ruwan da ke gudana ya ƙaru ba, kuma ba a sanin ainihin yawansa har sai ma'aikata sun huda ƙanƙarar sun auna. A ganina na'urar ta fi, muddin akwai sanda kusa don tantance awonta.