Sharhi Kan Hidimar Wani Ofishin Zanen Gidaje Masu Baƙin Bango

Gidajen zamani masu baƙin bango ko launin gawayi sun yawaita a mujallun gine-gine da shafukan intanet, har wasu masu zanen gine-gine sun mayar da su sana'arsu kacokan. Da irin wannan ofishi na yi hulɗa, wani ƙaramin kamfani da ya zana mini gida marar bene a wani fili mai gangara wanda duwatsu da manyan itatuwa suka kewaye, ya kuma sa ido a kan ginin har aka kammala. A ganina sun ƙware ƙwarai wajen daidaita gida da muhallinsa da kuma shawo kan zafin rana, amma sun gaza wajen sanar da mai gida irin ɗawainiyar da ke jiransa bayan ya tare.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba da zancen launi suka soma ba. Sun zagaya filin da safe da tsakar rana da kuma yamma domin su ga inda inuwa ke faɗawa, suka yi wa itatuwan da ba za a sare ba alama, sannan suka matsar da gidan daga tsakiyar filin don kada a fasa wani babban dutse da ke gefen gabas. Hujjarsu game da launin kuwa mai sauƙi ce: farin gida a cikin itatuwa yana ɗaukar ido tun daga nesa, shi kuwa mai duhu yana sajewa da inuwar da ke tsakanin rassa, sai koren ganye ya fi fitowa. Duk da haka sun hana ni zaɓen baƙi wuluk. Sun jingina samfuran katako iri-iri a jikin dutsen, suka bar su ana duba su a hasken lokuta daban-daban, daga bisani muka tsaya a kan launin gawayi mai ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, wanda ya yi kusa da launin ɓawon itatuwan wurin. Sun kuma dage cewa kada ya zama mai sheƙi, domin bango mai ƙyalli yana mayar da hasken sama, ya tona gidan da ake so ya saje.

Inda suka fi cancantar yabo shi ne batun zafi, wanda shi ne tambayar farko da duk mai hankali zai yi. Kamfanonin fenti suna auna yawan hasken da launi ke mayarwa a kan ma'auni mai tashi daga 0 zuwa 100, inda farin fenti yakan haura 80, baƙi kuwa yakan tsaya a kusa da 5, ma'ana yana shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa ya mayar da shi zafi. Masu zanen ba su ɓoye wannan ba. Maganin da suka kawo shi ne raba fatar gidan da ainihin bangon: katakon waje yana zaune a kan sanduna, da tazarar santimita kaɗan tsakaninsa da bangon ciki, an kuma bar kafa a ƙasa da sama mai ragar hana ƙwari. Idan rana ta gasa katakon, iskar da ke cikin tazarar takan yi zafi ta tashi ta fice ta sama, sanyayya ta shigo ta ƙasa, sannan abin tare zafi da aka shimfiɗa a jikin bangon ya tsayar da sauran. Wannan tazarar ce kuma ke busar da katakon bayan ruwan sama.

Sun yi wasu dabaru biyu da ban yi tsammani ba. Rufin, wanda shi ya fi kowane sashe shan rana kuma ba a ganinsa daga ƙasa, sun ba shi launi mai haske. A kan ƙarafan tagogi da ƙofofi kuwa sun yi amfani da fenti mai duhu a ido amma mai mayar da hasken infrared, wanda ido ba ya gani ko da yake kusan rabin ƙarfin hasken rana yana cikinsa. Bangon yamma sun rage masa tagogi suka kare shi da baranda mai faɗi. Da la'asar katakon wannan sashe yana zafin da ba a iya barin hannu a kansa, amma bangon ɗakin da ke bayansa ba ya nuna alamar haka.

Katakon da suka zaɓa ƙonanne ne, bisa dabarar da ta samo asali daga yammacin Japan, wadda ake kira yakisugi, inda ake ɗaure alluna uku su zama kamar bututu, a cinna wuta a ciki har fuskarsu ta zama gawayi, domin ta ƙara jure ruwa da ƙwari. Mai zanen gine-gine Terunobu Fujimori yana cikin waɗanda suka farfaɗo da ita a ginin zamani. Baƙin bango dai ba sabon abu ba ne, domin cocin katako na Borgund da ke Norway, wanda aka gina wajen shekarar 1200, da kwaltar itacen fir da danginsa ake shafe irinsa don kare shi daga ruɓa. Aikin kafintocin ya yi kyau, an jera allunan a tsaye domin ruwa ya riƙa gangarewa, an kuma yi amfani da kusoshi marasa tsatsa.

Matsalar ta bayyana ne bayan tarewa. Baƙin bango yana nuna ƙura da kashin tsuntsaye fiye da yadda hotunan ofishin suka nuna, kuma ba a wanke ƙonannen katako da ruwa mai ƙarfi, domin gawayin yana ɓarewa. A farkon lokaci duk wanda ya jingina da bangon baranda sai ya tashi da baƙi a riga, abin da ya kamata su hango su sa allunan da aka goge aka shafa wa mai a wuraren da mutane ke zama. Launin ma ba ya koɗewa bai ɗaya, sashen da ya fi shan rana ya riga saura yin toka-toka, alhali ba wanda ya gaya mini cewa za a riƙa shafa wa katakon mai lokaci zuwa lokaci. Ƙasan ginin, wanda bulo ne da aka yi wa fenti mai duhu, ya fitar da farin gishirin siminti, wanda da a farin bango ne ba za a lura da shi ba. Akwai kuma manyan gilasan falo da ke nuna hoton itatuwa, har tsuntsaye suna karo da su, kuma ga ofishin da ke tinƙaho da mutunta muhalli wannan sakaci ne, tun da akwai gilashi mai ɗige-ɗige da aka yi domin hana hakan.

Ta fuskar mu'amala ba ni da ƙorafi mai yawa. Zanensu a bayyane yake, magina ba su sha wahalar karanta shi ba, suna kuma amsa tambaya a kan lokaci, sai dai isowar katakon ta jinkirta aikin. Da na koka game da duhun matakala da dare, sun dawo sun ƙara ƙananan fitilu masu haska ƙasa kawai.

Ina ba da shawarar wannan hidima ga wanda filinsa ke da itatuwa ko duwatsu ko tudu, kuma yake shirye ya biya kuɗin bango mai ruɓi biyu. Wanda filinsa fetal yake babu inuwa, ko wanda nufinsa kawai a shafa baƙin fenti a kan bulo, ba zai samu abin da na yaba ba. Kafin a sa hannu a yarjejeniya, ya dace a nemi su rubuta jadawalin kula da bangon, su kuma kai mutum ya ga wani gida da suka zana wanda ya yi shekaru ana zaune a cikinsa.