Hattara da masu tallar "maganin yoyon sitiyari" a Kaduna

Masu tsofaffin motoci, a kula. Akwai wasu samari da ke zagaya gidajen mai da wuraren wankin mota, daga Kawo zuwa Kurmin Mashi, riƙe da 'yan robobi marasa tambari. Sai su leƙa ƙarƙashin motarka, su nuna maka ɗigon mai a ƙasa, su ce, "Alhaji, man sitiyarinka ne ke zuba, ga magani, ba sai ka je gareji ba."

Abin da ke cikin robar man giya ne mai kauri da aka sirka da man birki, aka zuba masa jan kala. Muguntar ita ce da farko yana aiki. Kaurin yana rage ɗiga, man birkin kuma yana kumbura robobin da ke cikin famfon sitiyari da rak (sandar ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba), sai yoyo ya tsaya, kai kuma ka yi ta sa musu albarka. Bayan 'yan kwanaki robobin su ruɓe gaba ɗaya, famfo ya fara kuka, sitiyari ya yi tauri kana tsakiyar kwana. Wani maƙwabcinmu mai 406 tiyo kawai ya kamata ya canza, ya ƙare da sayen famfo da rak. Lambar da suka ba shi kuwa tun ranar a kashe take.

Yoyon nan ba aljani ba ne, yana da wuraren fitowa sanannu: tiyon da ke ɗaukar matsin mai ya tsufa ya tsage, ko robar famfo ta ci, ko rak na zubarwa cikin robar da ta rufe bakinsa. Bakanike na gari zai wanke wurin, ya tayar da mota, ya murza sitiyari dama da hagu, ya nuna maka da idonka. Kuma kowace mota da irin man sitiyarinta. Tsofaffin Camry da Corolla suna shan ATF, wato man giyar otomatik, Honda kuwa nata na daban take so. A duba murfin tankin ko littafin motar.

Masu Accord mai V6 ta 2003 zuwa 2007, ku ma fi kowa kula. A 2012 kamfanin Honda ya janye irinsu a Amurka domin gyara, saboda tiyon na iya zubar da mai kan salansa mai zafi har wuta ta tashi.

Wanda ya riga ya zuba abin nan, kada ya jira kuka. Ya kai a zuƙe man duka yau, a wanke layin, a duba robobin.