Sayen fim a kantin Apple ko biyan Netflix wata-wata: wanne ya fi ga mai zama tsakanin ƙasashe biyu?

Malam, ka ce za ka tafi Ingila karatu na shekara biyu sannan ka dawo gida Nijeriya, kana son sanin wanne ya fi maka tsakanin sayen fim ɗai-ɗai a kantin Apple kana saukewa, da ci gaba da biyan Netflix wata-wata kana sauke abin da ranka yake so. Ka ƙara da tambayar dalilin da ya sa ƙanenka da ke can yake biyan kuɗin da ya ninka naka, kuma yake ganin fina-finan da kai ba ka samu a wayarka. Tushen amsar duka biyun ɗaya ne: Netflix yana duba ƙasar da ƙafarka take a lokacin da ka buɗe manhajar, shi kuwa kantin Apple ƙasar da asusunka yake da rajista yake dubawa. Daga nan ne bambancin abin kallo ya samo asali, farashi kuwa yana bin ƙasar da aka buɗe asusun.

Kamfanonin shirya fim ba su cika sayar da izinin nuna fim ɗaya ga duniya baki ɗaya ba. Ƙasa-ƙasa suke sayarwa, ko yanki-yanki, kuma na wani ƙayyadadden lokaci, ta yadda fim ɗaya zai iya kasancewa a hannun Netflix a Ingila, a hannun wani gidan talabijin na tauraron ɗan'adam a Afirka, a wata ƙasar kuma babu wanda ya sayi izininsa kwata-kwata. Wannan tsari ya girmi intanet. Waɗanda suka yi zamanin faifan DVD za su tuna cewa an raba duniya shiyya shida, Amurka tana ta 1, Turai da Japan da Afirka ta Kudu suna ta 2, Nijeriya da mafi yawan Afirka da Indiya suna ta 5, shi ya sa faifan asali da aka kawo tsaraba daga Landan yakan ƙi yi a wata na'urar. Abin da ake yi da lambar faifai a da, shi ake yi yanzu da adireshin intanet da katin banki.

Ta fuskar samuwa, Netflix ya yi wa kantin Apple nisa. A watan Janairun 2016 ya buɗe a ƙasashe 130 a rana ɗaya, har da Nijeriya, ya kai sama da ƙasashe 190, kuma a ƙarshen Nuwamban wannan shekarar ya ba da damar sauke fim don kallo ba tare da intanet ba. Wuraren da babu shi kaɗan ne, irin su Sin da Koriya ta Arewa, sai Rasha da ya fice daga cikinta a 2022. Apple kuwa, duk da ya riga shi shiga wannan sana'a, domin ya fara sayar da shirye-shiryen talabijin a 2005, fina-finai a 2006, hayar fim a 2008, kantinsa ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Akwai ƙasashe da yawa da mutum zai sauke manhajoji ya saurari waƙoƙi amma babu sashen sayen fim ko kaɗan, sayen shiri mai dogon zango kashi-kashi kuwa a ƙasashe ƙalilan ake yinsa, irin su Amurka, Kanada, Birtaniya, Faransa, Jamus da Ostareliya. Saboda haka kafin komai, buɗe manhajar Apple TV da asusunka na yanzu ka duba ko akwai sashen kanti a ciki. Idan babu, to maganar saye ba za ta taso ba sai ka sami asusun Birtaniya, wanda yake buƙatar adireshi da hanyar biyan kuɗi ta can.

Sai farashi, inda nan ne maganar take da tsawo. A farashin da Netflix ya sanya a 2025, babban tsarinsa a Birtaniya fam 18.99 ne a wata, matsakaici fam 12.99, mai talla fam 5.99. A Amurka babban tsarin dala 24.99 ne. A Nijeriya, bayan ƙarin da aka yi a tsakiyar 2025, babban tsarin ya koma naira 8,500, matsakaici 6,500, ƙarami 4,000, na waya kaɗai 2,500. Idan aka lissafa fam a kan kusan naira 2,000, ƙanenka yana biyan abin da ya haura ninki huɗu na naka a kan tsari iri ɗaya, don haka bai yi ƙarya ba idan ya ce ana tsuga masa kuɗi. Sai dai lissafin yana juyawa idan aka auna da abin da ke shiga aljihu. Mafi ƙarancin albashi a Birtaniya da aka sanya a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa ɗaya ga mai shekara 21 zuwa sama, wato aikin kusan awa ɗaya da rabi ya biya masa wata guda. A Nijeriya mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata tun 2024, naira 8,500 kuwa ta haura kashi 12 cikin 100 na wannan kuɗin. A kan takarda kai ne mai arha, a zahiri kai ne abin ya fi yi wa nauyi.

Kamfanin ya san da haka, shi ya sa yake yanka farashi gwargwadon ƙarfin kowace kasuwa. A Indiya ya fito da tsarin waya kaɗai a 2019 a kan rupi 199, ya rage shi zuwa 149 a ƙarshen 2021, a Fabrairun 2023 kuma ya rage farashi a ƙasashe sama da 30. Zai iya yin haka ne domin ƙarin mai kallo ɗaya ba ya jawo masa wani kashe kuɗi mai yawa, kuma ko naira dubu biyu ya karɓa ta fi ya rasa mutumin gaba ɗaya. Ƙarin da aka yi ta yi a Nijeriya, sau biyu a cikin 2024 kaɗai, faɗuwar naira ce babban dalilinsa, tun daga Yunin 2023 da aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi, dala ta tashi daga kusan 460 har ta haura 1,500. Akwai kuma haraji a ciki: VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, kashi 20 ne a Birtaniya, kashi 7.5 a Nijeriya, farashin da ake rubutawa a Amurka kuwa ba a haɗa shi da harajin jiha ba, abin da yake sa ya fito kamar ya fi arha fiye da yadda yake.

A kantin saye lamarin ya fi tauri, domin kamfanin da ya mallaki fim ɗin yana da babban hannu a farashin kowane guda, kuma yana karɓar kasonsa a kan duk wanda aka sayar. Sabon fim a Amurka yakan kai dala 19.99 saye, dala 5.99 haya, a Birtaniya kuma sayen sabo yakan kai fam 13.99. Ka lura da wannan adadi na ƙarshe: kuɗin fim ɗaya a can ya haura na wata uku na babban tsarin Netflix a Nijeriya. Ƙorafin bambancin farashin nan daɗaɗɗe ne a Ingila kanta. Lokacin da Apple ya fara sayar da shirye-shiryen talabijin a can a watan Agustan 2007, ya sa kashi ɗaya a kan fam 1.89, alhali a Amurka dala 1.99 ne, a lokacin da fam ɗaya yake daidai da kusan dala biyu, wato mutanen Birtaniya suna biyan kusan ninki biyu a kan abu ɗaya. A Ostareliya ma ƙorafin ya kai majalisar dokoki, har aka tilasta wa wakilan Apple da Microsoft da Adobe bayyana a gaban kwamiti a 2013 don su yi bayanin abin da ya sa kayan da ake saukewa ta intanet, waɗanda ba a ɗora wa jirgi ba balle a ce kuɗin dako, suka fi tsada a can.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mai tafiya irinka, wato makomar abin da ka sauke idan ka tsallake iyaka. A Netflix, da ka sauka a Landan ka haɗa da intanet, jerin fina-finan zai koma na Birtaniya. Wasu da ka saba gani za su ɓace, wasu sababbi su bayyana, kuma fim ɗin da ka sauke a gida, idan ba shi da izini a can, zai iya ƙin buɗewa da saƙon cewa ba a samunsa a wannan ƙasa, ko da yana nan zaune a cikin wayar ya cinye maka wuri. Abin da aka sauke yana da wa'adi, wasu fina-finan awa 48 bayan an fara kallo, kuma ranar da ka daina biya ko fim ɗin ya bar Netflix, shi ke nan ya tafi. Farashin kuwa yana bin ƙasar da aka buɗe asusun, kuma ƙa'idarsu ita ce wanda ya ƙaura ya soke rajistarsa ya sake yi a sabuwar ƙasar. Tun 2023 kuma sun tsaurara kan raba asusu ɗaya tsakanin gidaje biyu, don haka kada ka sa ran kai a Ingila, iyali a gida, ku ci gaba da asusu ɗaya babu tangarɗa.

A Apple akasin haka ne. Fim ɗin da ka saya ka sauke ba ya tambayar inda kake, kuma ba shi da wa'adi, in ban da na haya, wanda ake ba ka kwana 30 ka fara kallo da awa 48 ka gama. Matsalar tana zuwa ne ranar da ka canza ƙasar asusun. Kafin a yarda ka canza, sai ka kashe ragowar kuɗin da ke ciki, ka soke duk wani biyan wata-wata, ka kawo hanyar biyan kuɗi ta sabuwar ƙasar, bayan haka kuma Apple da kansa yana gargaɗin cewa wasu abubuwan da ka saya ba lallai ne su samu a sabon kantin ba. Wanda ya tara fina-finai talatin a asusun Birtaniya, ya dawo gida ya mayar da asusun na Nijeriya ba tare da ya sauke su ba, zai iya buɗe manhajar ya tarar da wasu babu su.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da sayen kansa. Abin da ake ba ka izinin kallo ne, fayil ɗin kuma a kulle yake, ba ya buɗewa sai da asusunka a na'urorin da aka amince da su, kwamfuta biyar ne iyaka, ba za ka tura wa wani ta waya ba. Ya yi kama da wanda ya biya kuɗin rumfa a kasuwa: yana zaune cikinta yadda yake so, amma ƙasar ba tasa ba ce. A watan Agustan 2022 kamfanin Sony ya cire ɗaruruwan fina-finan kamfanin StudioCanal daga asusun mutanen da suka saye su a Jamus da Ostiriya saboda yarjejeniya ta ƙare, a Yulin 2025 kuma Microsoft ya daina sayar da fim gaba ɗaya. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta wajabta wa masu irin waɗannan kantuna su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake karɓa.

Za ka ji masu ba ka shawarar VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, ko sayen katin kyauta na wata ƙasa don cin arhar can. Ban goyi bayan haka ba ga wanda zai zuba kuɗinsa na gaske. Ya saɓa wa sharuɗɗan da ka amince da su, Netflix yana toshe irin wannan tun 2016, katin kyauta na Apple kuma ba ya aiki sai a ƙasar da aka saye shi. Kada kuma a ruɗe ka da dokar Tarayyar Turai ta Afrilun 2018, wadda ta ba mai rajista damar tafiya da abin kallonsa daga wata ƙasar Tarayyar zuwa wata, domin Birtaniya ta fita daga wannan tsari tun farkon 2021.

A ganina, ga mai zaman shekara biyu, biyan wata-wata shi ya fi, domin ranar da ka tashi dawowa babu abin da ka bari a baya, sokewa kawai za ka yi ka sake rajista da naira. Saye kuwa a taƙaita shi ga fina-finai kaɗan da ka san za ka riƙa maimaitawa, ko waɗanda yara ba sa gajiya da su, kuma kantin yakan yi rangwame a kan tsofaffin fina-finai, don haka babu dalilin sayen sabo a makon fitowarsa. Idan za ka saya, buɗe asusun Birtaniya daban ka bar na gida yadda yake, kada ka canza ƙasar ko ɗaya daga cikinsu. Kafin ka dawo, sauke duk abin da ka saya a kwamfuta da intanet ɗin can, ka kwafe shi a wani ma'ajin daban, domin fim ɗaya mai kyawun hoto yakan cinye gigabait huɗu zuwa shida, kuma nau'in 4K, wanda ya fi wannan kyawun hoto, ba ya saukuwa a Apple, sai dai a kalle shi kai tsaye da intanet.